Tsayuwar Surajo a Zauren Surukinsa

Dutsen Marke, ƙasar Kiru
Ran 2 ga Disamba, 1956

Zuwa ga yayana Lado,

Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ina fata kana lafiya, kai da Habiba da yara, da aikinka na diresa a ɗakin magani na Riruwai. Mu nan alhamdu lillahi, dawa ta yi kyau bana. Ni ne dai ban yi kyau ba.

Bayan haka, Yaya, a tsaye nake rubuta maka takardar nan, na ɗora ta a kan katanga. Idan za ka yi dariya ka yi tun yanzu ka gama, don abin da ke gaba ba na dariya ba ne. Yau kwana goma sha biyu ke nan, muna zuba dawa a rumbu, tsani yana gidan Kawu Mamman, na ga ba zan jira ba, sai na kifa turmi na taka. Ina miƙa damin ƙarshe turmin ya mirgine. Ban faɗi a baya ba, ban faɗi a hannu ba, zaune na sauko daram a kan gefen turmin. Wallahi numfashina sai da ya ɗauke. Na daɗe ina kallon sama ban san ko ni wane ne ba.

Tun ranar zama ya gagare ni. Tafiya ina yi a hankali, kwanciya a gefe ina yi, amma da na kai mazaunai ƙasa sai in ji kamar an kafa mini ƙusa a can ƙarshen gadon baya. Tashi kuwa ya fi zaman muni. Salla a gida nake yi, a karkace. Ajin yaƙi da jahilci da nake koyarwa kuma a tsaye nake yinsa tun daga farko har ƙarshe, ɗalibaina suna cewa Malam ya ƙara himma.

Na kira Umaru wanzami. Ya ce ina ne? Na ce baya. To me zan ce masa, bayan ka san bakin Umaru? Ya kafa mini ƙaho huɗu a kwankwaso, ya zuƙe jinin da bai yi laifin komai ba, ya tafi. Yanzu ciwo biyu nake fama da shi.

Ga inda maganar ta ɓaci. Juma'ar farko ban je gaida Baba Dagaci ba. Shekaranjiya Safara'u ta ce in daure in je, ubanta ne, kar a ga kamar wani abu. Na je. Na tuɓe takalmi, na rusuna iyakar yadda jikina ya yarda, na gaishe shi. Kowa ya zube ya tanƙwashe ƙafa, ni kuwa na ja gefe na jingina da bango. Kowa ya juyo yana kallona. Uba, bafaden nan nasa mai jan rawani, ya ce, "Malam Surajo, ƙasar ce ta yi maka datti?" Na buɗe baki in yi bayani, sai na dubi fuskar Baba. Yaya, kai ma ka sani. Yaya za a yi mutum ya ambaci wannan wuri a gaban surukinsa, ga dattawan gari a zaune? Na ce, "A'a, nan ma ya isa." Baba kuwa bai amsa sallamata ba da zan fita.

Ka san tun zaɓen nan da aka yi, duk wanda ya ƙi zubewa a gaban manya an san sunan da ake kiransa da shi. Ni kuma ga ni da karatun jarida. Jiya a bakin rijiya har an fara cewa na yanki katin 'yan hamayya. Ni da ko taronsu ban taɓa leƙawa ba!

Ka aiko mini da magani ta hannun Ɗanliti mai kanwa, shi zai kawo maka wannan. Kar ka gaya wa Habiba. Na sa Safara'u ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, don idan ta shiga bakin mata, sunan da za a laƙa mini sai ya bi ni har kabari.

Haza wassalam.
Ƙaninka, Surajo

*

Ɗakin Magani, Riruwai
8 ga Disamba, 1956

Zuwa ga Malam Surajo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, takardarka ta iso ni ran Alhamis. Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma kaɗan. Allah Ya sawwaƙe, Ya sa kaffara ne.

Abin da ka kwatanta na san shi. A ƙarshen gadon baya akwai wani ɗan ƙashi mai tsini, bai fi yatsa ba, a nan muna ce masa ƙashin wutsiya. Shi ne wanda malamai suke cewa daga gare shi za a tashi mutum ranar alƙiyama. A kansa ka sauka. Yakan bugu, yakan tsage, yakan goce. Muna ganin haka ga masu haƙar kuza da santsi ya kwasa a bakin rami, da direbobin da suka shekara suna zaune a kan katako a hanyar Doguwa, da mata bayan haihuwa mai wuya. Ba iska ba ce, ba kuma jifa ba.

Amma kafin in saki jiki, ka amsa mini waɗannan ba tare da kunya ba, don ni ba surukinka ba ne. Ƙafafunka suna mutuwa, ko kana jin rauni a cikinsu? Fitsari da bayan gida kana riƙe su yadda ka saba? Akwai kumburi ko ruwa mai fita a wurin, ko zazzaɓi? Idan akwai ko ɗaya daga ciki, kar ka tsaya rubuta amsa, a ɗauko ka kawai.

Idan babu, to maganinsa haƙuri ne da dabara. Maɗori ba shi da abin da zai ɗaure a wurin, kuma ka sallami Umaru da ƙahonsa. Safara'u ta riƙa gasa maka da tsumma da ruwa mai ɗumi safe da yamma, ba mai ƙuna ba. Na ba Ɗanliti ƙwayoyi ashirin, biyu bayan cin abinci idan ya matsa. Kar ka bar cikinka ya ɗaure, don yunƙuri yana tayar da shi, saboda haka ka yawaita kunun tsamiya da miyar ganye da ruwa. Ba keke, ba jaki. Idan zama ya zama dole, a naɗa maka gammo babba da tsofaffin zannuwa, irin na ɗaukar tulu amma mai faɗi, ka zauna a kai yadda ƙashin zai faɗa cikin ramin, ka ɗan sunkuya gaba. Sauƙi yakan ɗauki wata biyu ko uku.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi damuna. Ƙashi zai warke da kansa, amma zargin nan ba zai warke da kansa ba. Ba sai ka faɗa da bakinka ba. Ka je wurin Kawu Mamman yau ɗin nan, ka gaya masa, shi ya je ya raɗa wa Dagaci a keɓe. Dattijo da dattijo, magana biyu ta ƙare. Na san halinka tun kana yaro, idan aka ce ka bi nan sai ka tambayi dalili. Wannan karon kar ka tambaya.

Habiba tana gaida Safara'u. Ban gaya mata komai ba.

Naka,
Lado Diresa

*

Dutsen Marke
Ran 16 ga Disamba

Yaya Lado,

Gaisuwa, da godiya a kan ƙwayoyi. Ƙafafuna lafiya lau, fitsari da sauransu ba abin da ya canja, ba kumburi ba zazzaɓi. Ka ji amsarka. Gammo kuma an naɗa, kuma ban so in faɗa ba amma yana aiki. A ƙuryar ɗaki nake hawansa, ƙofa a rufe.

Takardarka ta zo ran Alhamis da yamma, Kawu Mamman kuwa ya tafi kasuwar Bebeji sai Asabar. Na yi niyyar bin maganarka, Allah Shi ne shaida. Amma da safiyar Juma'a Baba ya aiko a kira ni.

Na samu zauren a cike, har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Na gaishe shi. Ya ce, "Zauna." Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri, akwai dalili. In an tashi zan aiko a yi maka bayani." Ya ce, "Aike? Ni za ka yi wa aike?" Ban ankara ba sai na ji hannu biyu a kafaɗuna. Uba ne ya zagayo ta bayana, ya danna ni ƙasa da dukkan ƙarfinsa, a kan daɓen nan mai tauri.

Yaya, ihu ya taho har maƙogwarona, na haɗiye shi. Jikina ne ya yi zumbur ya miƙe da kansa, ba da shawarata ba, har na ture Uba rawaninsa ya faɗi. Ina tsaye gumi yana zuba, idona ya cika da ruwa, su kuwa abin da suka gani shi ne mutum ya tashi zai yi dambe a gaban Dagaci. Na juya na fita, don in na ƙara tsayuwa faɗuwa zan yi.

Kafin azahar aka turo mata biyu suka tafi da Safara'u. Saƙon da aka bar mini shi ne, ba za ta dawo ba sai na je na zube a inda na yi tsayuwa.

Kawu ya dawo jiya, ya zo yana ta faɗa, yana tambayar me ya shiga kaina. Ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Na san za ka ce ga shi nan, halin nasa ya motsa. To ya motsa. Shekara tara ina zubewa a zauren nan kowace Juma'a. Ni na rubuta wa Baba takardunsa lokacin da malaminsa ya kwanta ciwo. Ni na ɗauki gawar ƙaninsa a kafaɗata. Mutum ya shigo yana ɗingishi, fuska ta faɗa, ya daina zuwa masallaci, a cikin mutum talatin a rasa wanda zai ce, "Surajo, lafiya kuwa?" Abin da ya fara zuwa ransu shi ne na yi girman kai. Da an tambaye ni a keɓe da na nemi hanyar faɗa. Yanzu da aka danna ni a ƙasa kamar ragon da za a yanka, ni ne kuma zan bi su da bayanin abin da ke cikin wandona? Ba zan yi ba.

Ciwon ya dawo sabo fil, ya ma fi na farko. Ruwan gashi ni nake dafa abina, hannuna kuma ba ya kaiwa wurin sosai. Gidan ya yi mini faɗi. Ba na son in yi maganar wannan.

Kar ka rubuto mini wa'azi. In akwai sauran ƙwaya ka aiko.

Surajo

*

Gidan Dagaci, Dutsen Marke
Ran Lahadi

Zuwa ga Yaya Lado,

Ina gaisuwa tare da girmamawa. Ina gaida Yaya Habiba da yara. Ka yi haƙuri da rubutuna, bara na koya a wurin Malam, kuma ka yi haƙuri da na rubuto maka, na san bai kamata ba. Ba ni da wanda zan gaya wa ne. Ɗanliti ya kawo wa Inna kanwa, shi zan ba.

Na karya rantsuwa. Kwana uku na riƙe, a na huɗu na gaya wa Inna komai, na ce zan yi azumin kaffara. Inna ta gaya wa Baba. Na zaci shi ke nan. Ashe ba shi ke nan ba. Baba ya ce a bainar jama'a aka yi masa tsayuwa, don haka a bainar jama'a za a wanke ta. Wai sai Malam ya zo ran Juma'a ya faɗa da bakinsa, Umaru wanzami ya shiga da shi soro ya duba, ya fito ya shaida wa mutane.

Na aika wa Malam da saƙon. Amsar da ya ba 'yar aiken ba zan iya rubuta ta ba.

Yaya, ni na gaji da su duka biyun. Wannan ubana, wancan mijina, kowa ya kafe, ni ce a tsakiya ina daka a gidan da na bari shekara tara. An ce ya rame, an ce da sanda yake zuwa aji, ɗaliban ma saura huɗu, sauran sun tsorata. Ni na ga wurin da idona, ya yi baƙi kamar an shafa shuni, wannan tun kafin Uba ya taɓa shi. Yanzu ban san yadda yake ba, kuma wa yake gasa masa?

Abin da nake roƙo, ka kira shi wurinka likita ya gan shi. Idan likita ya ba da takarda, wataƙila Baba ya karɓe ta a madadin Umaru. Kai kaɗai Malam yake jin nauyinka. Ka lallashe shi ya sauko. Zubewar rana ɗaya ba ta kashe mutum, ni kullum durƙusawa nake yi ban mutu ba.

Allah Ya ƙara girma.
Safara'u

*

Riruwai
28 ga Disamba

Surajo,

Bayan gaisuwa. Ka ce kar in yi wa'azi, ba zan yi ba. Umarni ne. Ciwon da aka sake bugawa sai an duba shi da hannu, ni kuma ba na duba majinyaci ta takarda. Likita yana zuwa mana kowace Alhamis. Ranar kasuwa ka bi Ɗanliti zuwa Tudun Wada, akwai motar da ke kawo mana hatsi, na yi magana da direban. Kar ka zauna a gaba. Ka hau baya ka kwanta rub da ciki a kan buhuna.

Matarka ta rubuto mini. Ta fi ka hankali, kuma rubutunta ya fi naka kyau. Idan ban gan ka ba zan zo da kaina, kuma a ƙofar masallaci zan tsaya in yi bayanin ciwonka.

Yayanka,
Lado

*

Riruwai
Ran 11 ga Janairu, 1957

Zuwa ga Safara'u,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ina gaida Inna. Batun rantsuwa na yafe. Da farko na yi fushi, na yi kwana biyu ina faɗa da ke a raina, kina ba ni amsa, kuma ke kika yi nasara.

Na iso ran Talata a kan buhunan gero kamar kayan fatauci. Hanyar Doguwa ba hanya ba ce, duk ramin da muka faɗa sai na tuna da Uba na yi masa addu'ar da ta dace da shi. Garin nan kuwa duwatsu ne da ramuka, da mutane iri-iri, kowa da yarensa. Ba wanda ya damu ko na zauna ko na tsaya.

Jiya likita ya gan ni. Wani dogon Bature ne mai jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya tambayi yadda na faɗi, Yaya Lado ya kwatanta masa turmi. Ya sa na yi tafiya, na tsaya a kan yatsu, ya ƙwanƙwasa gwiwoyina da 'yar guduma, ya tsikari ƙafafuna da tsinke yana tambaya ko na ji. Sannan ya sa na kwanta a gefe, ya danna wurin, na ambaci sunan Allah da ƙarfi. Daga nan ya sa safar hannu ta roba. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba, kar takardar ta faɗa hannun wani. Ki dai sani mijinki da ya ƙi Umaru wanzami ya gamu da wanda ya fi Umaru, kuma yayana yana tsaye yana kallon rufin ɗaki.

Ya ce ƙashin ya tsage ne, ya ɗan karkata ciki, bugu na biyun ya mayar da gyaran baya. Tabbatarwa sai an ɗauki hoto a birni, amma ya ce ba sai na je ba, don maganin ɗaya ne. In ci gaba da ƙwaya da gammo, in riƙa shiga daro na ruwan ɗumi, in guji wuri mai tauri har wata uku. Idan wata shida ya wuce bai lafa ba akwai allurar da ake yi a wurin, idan ita ma ta gaza, wanda ba kasafai ba, sai a cire ƙashin. Na ce Yaya ya gaya masa, ƙashin da za a tashe ni da shi ranar ƙiyama ba mai cire mini shi. Baturen ya yi dariya har da riƙe tebur.

Ya ba da takarda da sa hannunsa, Yaya ya juya ta da Hausa a ƙasa. Komai yana ciki, da sunan wurin ɓaro-ɓaro.

Yanzu ga abin da na yanke. Kwana uku ina kallon Yaya da Habiba, tana zuba masa ruwa yana wanke hannu suna gardama a kan gishirin miya, sai na tuna da ke. Ina kewarki, Safara'u. Ban taɓa faɗa miki irin wannan da baki ba, ga shi na rubuta. Har yanzu ina nan a kan cewa ni aka zalunta, kuma ba zan taɓa cewa na yi laifi ba. Amma in sai an karanta takardar nan a zaure za ki dawo, to a karanta. Zan zo Juma'a ta sama, in miƙa ta, in zube in ƙashin ya so ya ƙarasa karyewa. Su yi dariyarsu su gaji. Ki gaya wa Inna ta shaida wa Baba.

Ɗanliti zai juyo nan kafin in taso. In da abin da kike so daga Riruwai ki faɗa masa.

Mijinki,
Surajo

*

Dutsen Marke
Ran Asabar

Malam,

Ina gaisuwa, ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi. Ina gaida Yaya Lado da Yaya Habiba, na gode musu.

Takardarka na karanta ta sau uku. Na ba Inna saƙon, ta kai. Kar ka zo da takardar likita. Ka ba Yaya ya ajiye.

Shekaranjiya ina shara a bayan zaure na ji su. Uba ya kawo maroƙi, suna haɗa maka zambo, wanda za a yi da an gama karanta takardar. Har amshi sun yi masa, suna gwadawa suna tuntsira dariya. Baba yana zaune bai hana ba. Da ya shigo cikin gida na durƙusa na ce, "Baba, ba ka yarda ciwo ne ba?" Ya ce, "Na yarda tun ranar da uwarki ta faɗa. Surajo ba ya ƙarya." Na ce, "To me ya rage?" Ya ce, "Samarin gari sun ga ya tsaya. Sai sun ga ya zube."

Ni ce na ce zubewar rana ɗaya ba ta kashe mutum. Na janye. Da na zaci bai yarda ba ne.

Jiya bayan sun taru gaisuwar Juma'a na ɗaure kayana, na ɗora a kai, na bi ta cikin zauren, don ba wata ƙofa. Na gaida Baba. Ya ce ina zuwa? Na ce ɗakina, ba a sake ni ba. Ya ce in na taka waje kar in ƙara taka masa gida, ko da gawarsa ce a ciki. Inna tana kuka a bayana. Amma na fita, Malam. Uba ya matsa ya ba ni hanya.

Ba zan ce maka bai yi mini ciwo ba. Ubana ne, kuma na san ba ya mayar da magana. Tun jiya in na tuna sai hawaye.

Gidan na same shi kaca-kaca, na share, na wanke tukwane. Ɗalibanka biyu sun zo da safe suna tambayar yaushe za a koma aji. Ka zauna wurin Yaya har jikin ya yi ƙwari, ba abin gaggawa yanzu. In za ka taho ka taho a kwance yadda ka je. Za ka same ni a ɗakina.

Matarka,
Safara'u